Falle Goma Sha Biyu Sun Ɓace Daga Littafin Kakanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah ka sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Shawararku nake roƙo, kuma ku faɗa min gaskiya ko ba daɗi, don ni kaina na san ban kyauta ba.

Ni malamin makaranta ne a Nguru. Kakanmu malami ne, ya rasu ya bar littattafai rubutun hannu a cikin gafaka uku, suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Biyu na fiƙihu ne, ta ukun kuwa kakan da kansa ya rubuta, addu'o'i ne da laƙani da ya karɓo wajen malamansa, kuma ƙa'idar gidanmu ba mai buɗe ta sai wanda aka yi wa izini. Da can huɗu ne. Ina sakandare a shekarun casa'in rufin ɗakin ya yi yoyo wata damina, ɗaya ta jiƙe, gara ta ƙarasa ta, da idona na ga an kwashe ta kamar dusa. Tun lokacin abin yake ci min rai.

Bara sai ga wani abokina, bari in kira shi Modu, ɗan Gashua ne, tare muka yi makaranta, yanzu yana aiki a laburaren wata jami'a. Ya ce an ba su aikin tattara tsofaffin rubuce-rubuce, suna ɗaukar hotonsu da sikana suna adanawa a kwamfuta, ko takardar ta lalace ilimin yana nan. Ya kafa na'urar a gidansu a Gashua da ɗan janareto. Na kai shi wajen Baffa, Baffa ya saurare shi tsaf, ya sa aka dama masa fura, sannan ya ce a'a. Ya ce ilimin da sai an durƙusa ake karɓa, bai ga dalilin baje shi kowa ya ɗiba ba.

To ga inda na yi laifi. Da Baffa zai tafi aikin hajji, ni ya bar wa mukullin ɗakin. Kwana biyu da tashinsu na kwashe duka ukun na shiga motar Gashua. Har ta ukun na haɗa, don ita ce ba ta da kwafi a ko'ina. Muka yi da Modu cewa hoton ta ukun a faifan sidi kawai zai saka ya ba ni, ba zai shiga ma'ajiyar laburarensu ba, ya ce ba komai. Da baki muka yi, ko shaida babu, wai ni mai wayo. Ya ce sati ɗaya, sai da ya cinye uku, saura kwana huɗu alhazai su sauka ya kira ni in zo in karɓa. Na mayar da su akwati a gurguje, Baffa ya dawo bai lura ba.

Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, don da na ɗauki ta ukun sai na ji kamar ta rage nauyi. Ga waɗanda ba su sani ba, littattafan nan ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne kuma babu lamba. A ƙasan kowane falle marubucin yana sa kalmar da za ta fara falle na gaba, da haka ake gane jerinsu. Ranar da Baffa ya je ta'aziyya Dapchi na yi alwala na zauna ina bi ɗaya bayan ɗaya, ina zuwa tsakiya sai kalmar ta ƙi haɗuwa da na gaba. Na ɗauki faifan na je wani shagon kwamfuta kusa da tasha na buɗe. Ga su nan a allo ɓaro-ɓaro, falle goma sha biyu masu jan tawada da hatimi, suna cikin faifan amma babu su a gafaka.

Na kira Modu. Da farko ya ce bai san zancen ba, wataƙila a wajena suka zube. Bayan sati ya ce ya tuna, ogansa ne ya tafi da su jami'a saboda gefensu yana marmashewa, za a gyara. Na ce wa ya ba shi dama? Sai ga magana ta uku, wai an riga an buɗe musu fayil, ba za a sake su ba sai na kawo fom da mai littafin ya sa hannu ya yarda a ɗora a intanet. Na je Gashua takanas muka yi kaca-kaca a zauren gidansu, ya ce ɓarawo nake kiransa kenan, shi da yake ƙoƙarin ceto mana kayan gado. Da ya huce sai ya ce ai ba sai Baffa ya sani ba, in sa hannu a madadinsa, wa zai bincika.

Wannan maganar ce ta ƙara dagula min lissafi. Me ya sa duk cikin littafin sai masu hatimin kaɗai aka zare? Me ya sa maganarsa take canzawa kullum? Ina jin ana cewa akwai masu sayar da irin waɗannan takardu a ƙasashen waje, ban san gaskiyarsa ba. Amma kuma kada in ɗauki alhakinsa, gefen takardun da gaske ya ci, kuma tunda nake da shi bai taɓa ci min ko allura ba. Wani lokacin sai in ce ko laifina ne nake neman wanda zan ɗora wa. Matata ta ce in je in durƙusa in faɗa wa Baffa kawai, ita ba ta san halinsa ba, mutum ne da in ya cire ka daga ransa shi kenan.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar Baffa ya kira ni. Ya ce jikinsa yana ja baya, don haka mako mai zuwa zai tara 'yan uwa ya yi min izini ya damƙa min akwatin, mu buɗe mu bi littafin tare falle-falle. Ya ce, "Ɗana, duk yaran gidan nan kai kaɗai na bar wa mukulli na dawo na tarar da kayana yadda na bar su." Na ce na gode Baffa, na fito.

Don Allah me zan yi? In sa hannun ƙarya in karɓo takardun, alhali ba ni da tabbacin za a ba ni? In tafi jami'ar da kaina in nemi shugaban laburaren, ko da hakan zai jawo wa Modu matsala a aikinsa? Ko in faɗa wa Baffa yau, kafin ya gano da kansa a gaban mutane? Masu aikin laburare a cikinku, da gaske haka ake yi, a riƙe takardun mutum sai ya sa hannu? Kwana shida suka rage min.