Na Tambayi Uwa a Kan Ɗanta na Fari

Assalamu alaikum Edita, da masu karanta wannan shafi. Ku sakaya sunana. Ku kuma bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni, don babu zagin da ban riga na yi wa kaina ba.

Duk abin da ake faɗa a Azare a kan yaron nan ba haka yake ba. Mata a kasuwa suna cewa allurar Turawa ce ta kashe shi. Dangin ubansa suna cewa uwarsa ce ta kai shi ga halaka da rawar kanta. Allura ba ta da laifi, uwarsa ma ba ta da shi. Ni ce na tsallake abin da aka sa ni in tsare.

Na yi makarantar 'yan mata a Kano, da na dawo aka ɗauke ni aiki a ɗakin awon jarirai, ƙarƙashin wata Sista Baturiya. Bana aka kawo mana sabuwar allurar rigakafi, cuta uku a kwalba ɗaya: tarin shiƙa, mashaƙo, da ciwon nan mai sarƙe haƙora. Sau uku ake yi wa jariri, wata-wata. Sista ta nanata mini ƙa'idojinta har na gaji da ji. A tafasa allura, a taɓa jikin yaro, a tambayi uwa ko yana zazzaɓi, ko ya taɓa shiɗewa. In akwai ɗaya daga ciki ba a yi, sai an duba shi an ba shi magani.

Ranar kasuwa ce, Sista ta tafi rangadi Katagum, ta bar ni da mata cike da rumfa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya san ni. Sai ga wata yarinya Bafulatana daga wata ruga ta hanyar Gamawa, bari in kira ta Jumma, da ɗanta ɗan wata biyar. Surukarta ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙwaryar nono. Na ce, "Lafiyarsa ƙalau?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Da ke nake. Yana zazzaɓi?" Ta juya fuska ga bango. Na ce, "Sunansa fa?" Shiru. Na ce, "Baiwar Allah, in ba ki da baki ki matsa, akwai mutane a bayanki." Mata suka yi dariya, ni ma na ji daɗin dariyar, Allah ya yafe mini. Na kama cinyarsa, na ji ɗumi. Wallahi na ji. Na ce a raina ai goyo ne da rana. Na tsira masa allura, na rubuta a katinsa cewa lafiya lau.

Wa zan yaudara? Ni ma 'yar fari ce. Har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, in ciwo ya kama ni kakata take aikowa ta tambaya. Na san uwa ba ta magana a kan ɗan fari, balle a gaban suruka. Taku uku ne tsakanina da tsohuwar nan. Me ya hana ni in ce, "Inna, yaya jikin jikanki?" Karatun ne ya sa na manta gidan da na fito, ko sauri?

Kwana biyu bayan nan yaron ya yi ta shiɗewa, ya rasu. Da Sista ta dawo ta ce, "Kin tambayi uwar?" Na ce, "Na tambaya." Ta ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ba ta ce yana da komai ba." Kun ji irin ƙaryar da ake yi da gaskiya.

Na je rugar yin gaisuwa. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Malama, kin yi ƙoƙarinki. Kwana uku jikinsa kamar garwashi, shi ya sa muka kawo shi, da muka ji an ce allura ta zo." Ashe magani suka zo nema. Su a wurinsu kowace allura ta warkarwa ce. Ga maganin zazzaɓi a kan teburina, kusa da hannuna, na bar yaron ya koma gida babu ko ƙwaya. Ban san ko da zai rayu ba, Allah ne masani, amma ban ba shi damar ba. Jumma tana daka a gefe, idonta a bushe, don ko kukan ɗan fari ba a yi a gaban mutane. Da na tashi ta biyo ni har bayan shingen shanu, ta kira ni kamar yayarta, ta ce, "Adda, na so in gaya miki. Inna tana bakin ƙofa." Ni na yi mata tsawa, ita take ba ni haƙuri.

Yanzu rumfarmu fayau. Tarin shiƙa kuma ya shigo unguwarmu, ina jin yaran gida na uku daga namu suna tari har numfashi ya ɗauke. Maƙwabciyata, wadda na yi wa 'yarta allurar farko, ta ƙi kawo ta ta biyu. Jiya ta katanga ta ce mini, "'Yar boko, ki riƙe allurarki, tawa ɗaya ce tal."

Na yanke shawara. Ranar Litinin zan kai wa Sista katin, in gaya mata na ji ɗumin, ko da za a kore ni. Daga nan in koma rugar in faɗa a gaban mijin Jumma da Inna cewa ba laifinta ba ne. Wannan ba shawararku nake nema a kai ba.

Abin da ya gagare ni shi ne maƙwabciyata. In na yi shiru, tana tsoron allura. In na faɗi gaskiya, hannuna za ta ji tsoro, kuma in Sista ba ta nan hannun nan kaɗai ke yin allurar. 'Yarta watanta huɗu, tari yana gida na uku. Me zan yi?