Jakin da Na Hana Magana

Assalamu alaikum, 'yata mai ba da shawara. Ki taimake ni don Allah, domin duk wanda na kai wa ƙara a dangi sai ya fara dariya kafin in kai tsakiya. Ki yi haƙuri da rubutuna. Aji huɗu na yi a makaranta, kuma wadda ta saba rubuta min wasiƙa ita ce nake kawo ƙararta, kin ga ba dama in miƙa mata biro.

Jikata ce, 'yar babban ɗana, shekararta ashirin da bakwai. Tare muke zaune, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ina kiranta Shuɗiya, don ban taɓa ganin farcenta babu shuɗin fenti ba. Sana'arta zane. Tana zana hotuna da burushi ta sayar, tana kuma yin irin zanen nan mai motsi da ake kallo a waya. Ba ta da oga, ba ta da ofis, sai wani tebur a jikin taga da ta hana kowa taɓawa. Da gari ya waye ta hau fenti, wai hasken safe ba ya jira. Rana ta ɗaga ta koma kan kwamfuta. Ta kafa madubi a gabanta tana yatsina fuska, ta turo baki, ta zare ido, sannan ta zana abin da ta gani. Na taɓa shiga na same ta tana rarrafe a ƙasa, na fara karanto addu'a, ashe tafiyar jaki take koya. Kofunana uku duk sun koma na wankin burushi, saura kaɗan wata rana in kurɓi ruwan kore a zaton shayi ne. Duk na haƙura da waɗannan, ban taɓa raina mata sana'a ba.

Wanda ya raina shi ne ƙanena, Auta. Ya haura saba'in amma har yau Auta muke ce masa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma tun yana yaro yake da wata ɗabi'a: in zai yi magana sai ya yi gyaran murya sau uku, ya ja kunnensa na dama, sannan ya kawo labarin da rabinsa ƙari ne. Bara ya zo gidan nan ya leƙa teburin yarinya, ya yi gyaran muryarsa, ya ce ai wannan wasan 'yar tsana ne, gara ta nemi aikin yi. A gaban baƙi fa. Yarinya ta shige ɗaki, ranar ko abinci ba ta ci ba.

To ni ba a taɓa min jika a kwana lafiya. Bayan sati ɗaya ta zaunar da ni, ta ɗora min makirufo a gaba, ta ce in ba ta labari za ta mayar da shi zane mai motsi. Nan take na ƙirƙiro mata labarin wani tsohon jaki mai kai wa dabbobi saƙo. Duk saƙon da aka ba shi sai ya ƙara nasa a hanya, kuma kafin ya faɗa sai ya yi gyaran murya sau uku ya karkaɗa kunnen dama. A ƙarshe dabbobi suka taru su ji ta bakinsa, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Ya sake, ta ƙi. Daga ranar aka ƙwace masa magana. Muka yi dariya ni da ita har da riƙe ciki. Ni a zatona an wuce wurin, kamar sauran labaraina da nake bayarwa da yamma in manta su da safe.

Ashe ita wata goma ta duƙufa a kai. Wai kafin jaki ya motsa na daƙiƙa ɗaya sai an zana shi sau goma sha biyu. Ke ji wahala. Duwatsu da bishiyoyin da ke bayansa kuma da burushi ta yi su a takarda, ta shanya min su a igiyar shanyata, kayana suna jiƙe a bokiti suna jiran layi.

Wata biyu da suka wuce Auta ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Hankalinsa yana nan garau, yana gane kowa, amma magana ta ƙi. Sai ya yi gyaran murya, ya buɗe baki, a yi ta jira.

Yanzu saura sati uku a nuna fim ɗin a wani taron masu ƙananan fina-finai. Dangi duk sun ce za su je, matar Auta ma ta aiko cewa za su kawo shi a keken marasa lafiya ya ɗan sha iska. Ki duba min wannan lamari. A zaunar da bawan Allah a gaban jama'a, ya ga jaki yana karkaɗa kunne irin nasa, yana buɗe baki ba magana, ga muryar yayarsa tana ba da labarin tana ƙyalƙyala dariya. Babu ɗan uwa ko ɗaya da ba zai gane ko wane ne ba. Abin haushin ma, yarinyar ta iya hannunta. Har yadda yake lumshe ido ɗaya in zai yi ƙarya ta sa wa jakin.

Na ce mata a canza ƙarshen. Ai abu ne mai sauƙi, jaki ya tuba, a yafe masa, a tashi. Ni da na shekara sittin ina ba da labari ban taɓa faɗin guda sau biyu iri ɗaya ba. In yaro ya tsorata in rage kura, in ya yi rashin kunya in ƙara ta. Sai yarinyar nan ta dube ni ta ce ba zai yiwu ba. Wai wurin daƙiƙa arba'in ne, zane ɗari huɗu da tamanin, wata biyu ta yi a kansa, kuma shi ne abu mafi kyau da ta taɓa zanawa a rayuwarta. Wai ai kafin ciwo ta zana. Wai in na ga dama a ce wa matar Auta kada su zo. Ji wata magana. Mutumin da wata biyu bai leƙa ƙofar gida ba, a aika masa cewa ba a son ganinsa?

Ni abin da ya fi ƙona min rai, labarina ne. Daga bakina ya fito, ba a littafi ta tsince shi ba. Yaushe maganata ta zama ta wani, har sai na nemi izini kafin in gyara ta? Yarinyar da na goya, na wanke wa kashi, yau ita ke gaya min abin da jakina zai yi.

Allah ya ba ni sa'a guda. Farkon labarin, lokacin da ta ɗauki muryata, mai walda na bakin titi yana ta aikinsa, ƙara ta shiga. Dole sai na sake faɗi, kuma wai kalma bayan kalma yadda na faɗa bara, domin a kan maganata ta zana bakin kowace dabba. Ta sa min abu a kunne ina jin kaina ina maimaitawa kamar aku. Sau goma sha ɗaya muka yi, kowane karo sai na ƙara gishiri, ita kuma ta dafe kai. A na sha biyu na cire abin na ajiye, na ce bakina ya shiga yajin aiki sai an gyara ƙarshe. Yau kwana tara. Ba ta ce min, ba na ce mata, sai gaisuwa. Ina ajiye mata abinci a bakin ƙofa, don yajin aikin bai kai can ba. Jiya na ga idonta ya kumbura, na yi kamar ban gani ba.

Tunda ba sanina kika yi ba, bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Sau biyu kawai na je duba Auta. Na biyun na tsaya a bakin ƙofa, ya dube ni, ya yi gyaran murya sau uku, ya buɗe baki. Na ce na bar tukunya a wuta, na fito. Ban ɗora komai ba. Tun daga ranar nake ta tunanin ko bakina ne ya kama shi. Ni na hana jakin magana, da bakin nan nawa, ina dariya.

Ki gaya min yadda zan tanƙwara yarinyar nan. Na san inda wayar kwamfutar take shiga bango, na san inda almakashi yake, Allah ne kawai yake riƙe da hannuna.

Kakar Shuɗiya

*

Wa alaikumus salam, Kaka. Da farko ki mayar da almakashi inda kika ɗauko shi.

Bakinki bai kama kowa ba. Irin wannan ciwo yana samun mutanen da ba a taɓa sa su a labari ba, kuma da maganarki tana da wannan ƙarfi, da mai waldar nan ya daɗe da rufe shago. Allah ne ya jarrabi ƙanenki, sai aka yi rashin sa'a ciwon ya yi kama da tsokanar da kika yi. Ki sauke wannan nauyi daga kanki, domin shi ne yake hura wutar fushin da kike yi da jikarki.

Kina da gaskiya a kan babban abu. Bai kamata a kai mara lafiya gaban jama'a ya ci karo da wannan ba shiri ba. Shawarar da jikarki ta kawo, a ce kada su zo, ba ta yi ba, kuma ina jin ita ma ta sani. Amma ki yi mata adalci. Ba taurin kai ya sa ta ƙi ba. Ke kina canza labari da numfashi ɗaya, ita sai ta zauna wata biyu. Labarin naki ne, aikin wata goma kuma nata ne, kuma ke kika miƙa mata jakin da kunnensa da gyaran muryarsa, don ki rama mata. Ba ta da oga, ba ta da albashi, wannan taro shi ne inda za a ga hannunta. Yajin aikin da kike yi ba zai cire wurin da kike tsoro ba, fim ɗin gaba ɗaya zai kashe. In hakan ta faru, kin tabbatar da maganar da Auta ya yi a gaban baƙi, kuma da hannunki.

Ki janye yajin yau ɗin nan. Ki zauna ki maimaita farkon labarin yadda take so, ko sau talatin ne, ki adana gishirinki. Sannan ki daina ba ta umarnin a canza ƙarshe, ki tambaye ta abin da za a iya sauyawa cikin sati uku ba tare da ta sake zane ɗari huɗu ba. Wataƙila dariyar da kika yi a wurin za a iya cire ta. Wataƙila a ƙara jimla biyu daga bakinki a kan ɗaya daga hotunan duwatsun da ta shanya miki a igiya, yadda labarin ba zai tsaya a kan wulaƙancin jaki ba. Ita ta san abin da zai yiwu. Ki kuma gaya mata abin da kika gaya min game da tukunya. Kwana tara tana zaton iko kike nuna mata, ba ta san tsoro kike ji ba.

Sai babban aikin, wanda ba na jikarki ba ne. Kin cika min takarda da zancen jaki, ƙanenki kuwa layi kaɗan ya samu. Ke da bakinki kika ce hankalinsa garau yake. To me ya sa ku biyu kuke ta yanke hukunci a kan abin da zai iya gani da abin da ba zai iya ba, babu wanda ya tambaye shi? Ki je gidansa cikin satin nan, ke da Shuɗiya, da fim ɗin a waya. Kafin a kunna, ki faɗa masa gaskiya: ya ɓata wa yarinya rai, kin ji haushi, kin mayar da shi jaki, tun yana da lafiyarsa. Ki nemi afuwarsa. A nuna masa a ɗakinsa, daga shi sai matarsa. In ya nuna bai yarda ba, a sassauta wurin iyakar yadda za a iya, a kuma bar masa zaɓin zuwa ko zama, kuma jikarki ta karɓi wannan ba gunaguni. In ya yarda, shi ke nan, ya je taron da saninsa.

Ba zan yi miki alkawarin zai yi dariya ba. Zai iya yin fushi, kuma yana da haƙƙin yi. Amma ina kyautata zaton wata biyu ke nan kowa yana lallaɓa shi kamar ƙwai, ana yi masa magana da ƙaramar murya, yayarsa da suka shekara saba'in suna faɗa kuma ta ɗauke ƙafa. Wannan zai fi masa ciwo a kan kowane zane.

In kin gama faɗin naki, zai so ya faɗi nasa, kuma zai ɗauki lokaci. Kada ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki ƙarasa masa jimla. Ki ja kujera kusa da gadonsa ki zauna, ki jira har ta fito, ko da zagi ne.

Allah ya ba Auta lafiya, ya sa wa hannun Shuɗiya albarka, ke kuma ya bar mana ke da bakinki.