Rumfar Mazarƙwaila da Shaida Ɗaya da Ta Rage

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Zubaida, mahaifiyarku. Hankalina ɗaya, jiki ne ya ƙi. Da hannuna nake rubutawa, hannun da bai riƙe biro ba sai da na haura hamsin, a ajin yaƙi da jahilci. In layi ya karkace ku yi haƙuri.

1. Rumfata ta mazarƙwaila a tsakiyar kasuwar Makarfi ita ta hana ni sukuni. Hukuma ta haɗa gwiwa da wani kamfani, za a rushe tsofaffin rumfuna a gina shaguna na bulo. Ban ƙi gyara ba, damina nawa muka yi cikin taɓo? Amma sun ce mai takarda za a mayar wa gurbinsa. Marar takarda ya kawo shaidar ido kafin watan Rajab ya fita.

2. Ni ba ni da takarda. Marigayi Sarkin Kasuwa da ƙafarsa ya auna mini wurin, taki shida, na raba goro, aka shafa fatiha. Ko an ba ni takarda a lokacin, da mazarƙwaila na naɗe da ita.

3. Cikin mutum huɗu da suka ci goron nan, saura Mukarrama mai daddawa, maƙwabciyar rumfata. Jamila, ke kika ce mata a bainar jama'a warin daddawarta ke korar mana masu saye. Shekara biyu ba ta amsa gaisuwarmu. Tana Likoro gidan ɗanta, tana jinya. Ki je da ƙafarki, ba ta waya ba. Ki durƙusa, ki kira ta Inna, kada ki fara da zancen rumfa. Ta girme ni, kuma an ce tarin da take fama da shi ya tsananta.

4. Yahya, in ta yarda kai za ka kai ta ofishin hukuma a mota. Na ji kana so a sayar da gurbin. Gado Allah Ya riga Ya raba, ban isa in taɓa ba. Roƙonka nake: ka bar ƙanwarka ta zauna ciki, marayu uku take ciyarwa.

5. In ta ƙi, kada ku sayi shaidar zur. Gara bulo ya hau kan taki shidan nan da sunan wani. Kuma ku ci gaba da gaishe ta.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, kada shago ya raba abin da ciki ɗaya ya haɗa. Jamila, kada ki jira a yi mini sadakar uku. Gobe ki tafi.