Motar Burodin Baban Sipke

Talata, 3 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Na isa ɗakin ƙungiya a jiƙe har cikin safa, ga keke ya sauke sarƙa a kan gada. Mu masu haɗa ƙananan motocin roba na nan garin Sneek kullum raguwa muke yi, surutun ne dai bai ragu ba.

Hiltje mai shagon sayar da motocin ta shigo baki har kunne, wai kamfanin nan ya sake fito da motocinsa na zamanin ƙuruciyarmu, har da Citroën ɗin nan mai jiki kamar kwanon rufi. Sabon kwali, tsohon hoto. Kowa ya hau shafa kwalin sai ka ce an kawo jariri. Ni dai na faɗi abin da ke raina. Mazubin ƙarfen da suke zuba robar a ciki ya tsufa, ya cinye, bakinsa ba ya haɗuwa. Sai roba ta tsiyayo ta gefe ta bushe, kowane guntu ya fito da abin nan da muke kira gemu. Ka sayi mota, ka ɓuge da aski. Na ce in don ta ni ne, kada a ɗora ko ɗaya a teburin baje kolinmu na Disamba.

Hiltje ta ce, "Douwe, kai ma ai tsohon mazubi ne, kuma ba wanda ya hana ka zama." Aka fashe da dariya. Ban da ni.

Abokina Sipke bai sa baki ba. Da can shi zai fara tsokanata. Yana gefena, yana ta juya wani ɗan sitiyari a yatsunsa, har aka tashi bai manna komai ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Sipke ya kira ni gida. Ya zuba kofi, rabi a kofin rabi a faranti, na yi kamar ban gani ba. Sannan ya faɗa min. Likitan ido ya ce tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa, a idanu duka biyun. Gefe-gefe zai rage, amma tsakiyar ta tafi ke nan, kuma ba ta tafiyar hawainiya take yi ba.

"Duk abin da na kalla, shi ne ba na gani," in ji shi. Har da 'yar dariyarsa.

Zai bar ƙungiya. Zai rabar da kwalayen motocinsa da bai haɗa ba. Ya ce ba zai zauna a tebur yana shan kofin mutane a banza ba.

Tun gashin kaina yana nan muke zama kujera da kujera ranar Talata. Ba shi da mata, ba shi da kowa a garin nan. In ka cire masa Talata, me ya rage? Kanti da rediyo. Na san shi, in ya shige gidan nan ya rufo ƙofa, ba mai sake fito da shi. Ba na so ya tafi. A nan kaɗai zan iya faɗa, a gabansa kuwa sai cewa na yi kofin ya yi sanyi.

Talata, 10 ga Oktoba

Bai zo ba. Na ɗora jakata a kujerarsa don kada wani ya zauna.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na je taya shi sauko da kwalaye daga saman rufi. Duk wanda na karanta masa sunansa sai ya ce wane za a ba. Can ƙarshe na ci karo da ita, Citroën ta asali, bugun farko, ledarta ko ƙwarzane babu. Irin motar da babansa ya yi yawon sayar da burodi da ita a ƙauyuka, ruwan toka, an rubuta Burodin Bouma a jikinta. Sipke ya sayi kwalin tun yana saurayi. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai haɗa ta, amsarsa ɗaya ce, sai hannunsa ya nuna. Wannan ciwon namu ne duka. Wadda ka fi so ita kake ajiyewa, kana jiran ranar da za ka ƙware.

Ya ce in ɗauka, tawa ce. Na ce ba na karɓar kyautar tsofaffi masu saurin karaya. Na ce mu buɗe ta, mu haɗa ta tare ta hau teburin Disamba, bayan nan in ya ga dama ya je ya rufe kansa ya ruɓe.

"Da wane idon, direba?"

"Da nawa, ɗan mai burodi. Shekara nawa ina tuƙa bas da shi ban taka kowa ba."

Ya shafa ledar kwalin. Ya ce sai gobe.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Mun buɗe.

Shi ya tsaga ledar da kansa. Ya ɗaga murfin, ya kai hanci ya shaƙa, ya ce ƙamshin shagon tsoho Pieter, inda ya saye ta, ne sak. Ni kuwa ina leƙawa na ga ɓarna. Tayoyin, waɗancan baƙaƙen masu laushi, sun kwanta a kan rufin motar da gilashin gaba duk tsawon shekarun nan. Irin tsohuwar robar taya ce mai cin 'yar'uwarta. Sun narka rufin, sun bar ramuka zagaye-zagaye, gilashin kuma ya haɗe da taya ɗaya sun zama abu guda. Na sha jin labarin haka a bakin mutane, ban taɓa gani a kwalin da ba a buɗe ba.

Ya ce, "Yaya take?"

Na ce tana nan.

Bai yarda da muryata ba. Ya sa hannu, yatsansa ya faɗa ramin farko, ya zagaya shi, ya wuce na biyu. Ya mayar da murfin a hankali.

"Ashe ita ma ba ta jira ni ba."

Na tuƙo keke gida ido yana min yaji, na ce wa kaina iska ce.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na buga waya ko'ina neman bugun farko. Masu shi ba sa rabuwa da shi, kuma wa ya sani, wataƙila nasu ma ya narke a ciki suna can suna goge masa ƙura. Matata Aukje tana yankan albasa, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Maigida, ba ita ce a tagar shagon Hiltje ba?" Na ce wannan ba ita ba ce. Ta ce to, ita dai ta ga mota mai rufi da gilashi.

Aure mai tsawo yana da wannan illar.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na bi ta gaban shagon ban shiga ba. Akwai mutane.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na shiga ana buɗewa. Na sayi gam da ba na buƙata, da samfefa, sannan na nuna tagar da haɓa. Hiltje ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ko da reza za ta haɗa min, tunda aski zan je yi? Na sha kunu na ce ba tawa ba ce. Da na ambaci Sipke sai ta bar tsokanar. Ta nannaɗe kwalin a takarda ba tare da na roƙa ba, ta ce ba ta ga kowa yau ba.

A gida na buɗe. Gemu kam akwai shi, ban yi ƙarya ba. Duk kwarin da ke jikin kwanon nan sai da roba ta tsiyaya a ciki. Amma rufi lafiya lau, gilashi garau, kuma tayoyin an sa su a ledarsu daban. Sun koyi hankali ta nan, wannan kaɗai zan ba su.

Litinin, 23 ga Oktoba

Na kai wa Sipke rufin da gilashin da bangon gefe a cikin tsohon gwangwanin biskit. Na ce wani mutum ne a garin Groningen ya ciro min daga bugun farko. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Na sani, girman kai.

Ya ɗauki rufin, ya bi gefensa da babban yatsa. Ya sake bi. Sai na ga bakinsa yana motsi.

"Mutumin Groningen ɗin nan, sunansa Hiltje?"

Na hau gyara murfin gwangwanin.

"Douwe, wannan gemun na bana ne. Kai da ka tashi a gaban jama'a kana wa'azi!"

Ya yi dariya har da tari, rabon da in ji ta tun bazara. Na ce ya gama ya miƙo min in aske abin, aiki ne na mako guda. Bai miƙo ba. Ya ce in ba shi samfefa. Ya ɗaga kai yana fuskantar bango, hannuwansa suna aiki a cinya. Da ya dawo min da shi na saka a ƙarƙashin gilashin ƙara girma ina neman abin kushewa. Sumul. Har wani ɗan layi a ƙarƙashin marfin ƙofa da ni ban lura da shi ba, ya ji shi ya share.

Ya ce da ma can da yatsa yake yi, idon raka shi kawai yake.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Mun raba aiki. Shi aski da goge-goge da gwada ko guntu ya zauna daidai. Ni yanka da gam da fenti. Ƙasan motar da injin da kujeru daga tsohon kwalinsa, sama daga sabon. Sun haɗu ba gardama, tunda mazubi ɗaya ya haife su. Wannan ya ɗan ba ni haushi.

Faɗa kullum. Wai ina cika gam kamar mai shafa wa burodi man shanu. Wai tokar da na haɗa ta yi duhu, alhali ba ya ganinta, daga jin yadda na kwatanta kawai. Ya ce ta babansa kalar sararin sama ce ranar da ruwa ke shawarar sauka. Na ce a garin nan ai kullum ke nan.

Aukje ta aiko masa da miyar wake. Ya shanye, ya ce tukunyar ta fi ni amfani.

Talata, 7 ga Nuwamba

Na ce masa fitilar ɗakin ƙungiya ta fi tasa haske, idona yana wahala a gidansa. Ya san ƙarya ce. Ya ce ba zai je ya zama abin tausayi ba. Na tafi ni kaɗai, raina a ɓace.

Talata, 14 ga Nuwamba

Ya zo! A ƙafa, da sanda sabuwa da yake riƙewa kamar an ba shi ajiya. Na ɗauke jakata daga kujerarsa. Ba wanda ya yi masa sannu-sannun nan da yake tsoro, na riga na ja musu kunne. Kafin a sha kofi na biyu, Hiltje ta turo masa jikin wata motar tsere, ita ma cikin waɗanda aka sake bugawa, ta ce ta gaji da neman layin gemun, ya duba mata. Duba, haka ta ce, shi ma bai gyara mata ba. Kafin a tashi akwai guntaye jere a gabansa suna jiran layi.

A hanya ya ce kada in ɗauka ya dawo ne. Sai an gama motar kawai.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Rubutun Burodin Bouma ya sha ni. Na goge na sake ba adadi. Sipke ya ce in bar na ƙarshen, ai na babansa ma a karkace yake, surukin baban nasa ne ya rubuta bayan ya sha giya. Cikin motar mun jera ƙananan burodi da ya murza da yatsunsa, ni na yi musu fenti.

Ya ce jiya bai gane fuskar maƙwabciyarsa ba sai da ta yi magana. Ya faɗa kamar labarin ruwan sama. Tsoro nake ji kada abin ya riga mu.

Asabar, 9 ga Disamba

Baje koli. Ni da kaina na ɗora ta a tsakiyar tebur, kuma ni na rubuta a katin cewa rabinta tsohon bugu ne, rabi sabo. Hiltje ta karanta katin da ƙarfi don kowa ya ji. Na ƙyale ta.

Sipke ya zo ya tsaya a gaban teburin. Sai na ga ya kau da kai, ya juya fuskarsa wajen ƙofar fita, ya tsaya haka ƙyam. Na ce a raina shi ke nan, an gama mota, tafiya zai yi kamar yadda ya faɗa. Na kama hannun rigarsa na ce ya bari a yanka kek tukuna.

"Sake ni, direba. Kallonta nake yi."

Da gefen ido. Ta nan kaɗai take shigar masa. Ya daɗe a haka, fuska a ƙofa, mutane suna ratsa shi. Sannan ya ce tokar ta yi daidai.

Na fita waje na ɗan duba keke. Lafiyarsa ƙalau.

Talata, 12 ga Disamba

Na biya shagon Hiltje kafin taro. Na tambaye ta, cikin waɗannan da aka sake bugawa wacce ce mutane suka fi kuka da ita. Ta ciro wata tsohuwar motar kashe gobara, ta ce wannan kam kowane guntu sai an yi masa wanzanci, ba mai gama ta kafin bazara. Na ce ta kawo. Don in samu hujja ne kawai, in an tashi muhawara.

Na ajiye kwalin a gaban kujerarsa. An fara zuba kofi bai zo ba, na yi ta gyara zaman hantsaki a tebur. Can sai ga ƙarar sanda a matakala.

Ya zauna, ya lalubo murfin, ya zura hannu. Yatsunsa suka yi ta yawo a ciki.

"Kai, wannan ai bala'i ne. Da gangan ka zaɓo mafi muni?"

Na ce ita ta rage.

Ya ce in matso da samfefa.

Har yanzu ina nan a kan bakana, mazubin ya cinye, kuma ya kamata kamfanin ya ji kunya. Na dai gaya wa Hiltje, in sun sake fito da wata, ta ajiye min.