Kawu Ya Baro Sakkwato

Garin Isa, daren Laraba, sha biyu ga Rajab

Kawu Bello ya iso da la'asar a motar kaya, shi da matarsa Inna Hajo da keken ɗinkinsa. Na ɗauka ziyara ce, sai na ga ana sauke turmi da tukwane.

Da na kai ruwa zaure na ji yana gaya wa Baba. Shekara goma sha ɗaya yana gidan nan na Sakkwato, kuma yaɓe ne hayarsa: kafin kowace damina ya kwaɓa ƙasa ya gyara katanga da soro. Bana mai gidan ya shafe ko'ina da siminti, ya sa rufin kwano.

"Ce mani ya yi, 'Malam Bello, gidan ga ya wuce yaɓe, kuɗɗi nika so duk wata.' Akawun En'e mai albashin hukuma na iya biya, Yaya. Ni na zaga unguwa huɗu, masu gidaje duk bakinsu ɗaya."

Baba ya ce, "To, ita wagga ɗiya tawa fa?" Sai ya gan ni, ya sake magana.

Saura kwana tara hutu ya ƙare a koma makaranta. Ɗakin kwanan ɗalibai cike yake tun bara, shi ya sa nake zama wurin Kawu a Sakkwato. Gobe za ni roƙi Baba ya rubuta wa shugabar makarantarmu ko a samo mani wurin kwana, in bakina ya buɗe.

Ɗazu na taya Inna Hajo kwance kaya. Ƙarƙashin tabarmi na ga akwatina, wanda na bari can don in koma in tarar. Littattafaina duk suna ciki. Ba abin da ya rage nawa a Sakkwato.