Sunan Mahaifiyata Da Na'urarku Ta Manta

Zuwa ga Manajan kamfanin da aka ba aikin shigar da sunayen maniyyatan aikin Hajji na jiharmu cikin kwamfuta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a Yerimaram, cikin Potiskum. Na rubuto a fili ne domin na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinku, kuma jiragen bana sun fara tashi babu mahaifiyata, Ya Falmata.

Na farko. Bayan ƙaramar Sallah na kai ta ofishinku da kaina, aka ɗauki hotonta, aka yi mata allura. A gabana ma'aikacinku ya huda bayananta a jikin kati ya sa a na'ura, na'urar ta amsa cewa ta ajiye. Da sunaye suka fito, nata babu, haka ma na duk waɗanda aka shigar da yammacin ranar.

Na biyu. Wani akawunku mai tsoron Allah ya yi mini bayani. Na'urar tana da ƙwaƙwalwa ƙarama mai sauri, da kuma faifai inda abu ke zama dindindin. Ƙwaƙwalwar kashi biyu ce, ɗaya na tsarin da ke kula da sunaye, ɗaya na ita na'urar, inda take tara abin da za ta rubuta a faifai. Injiniyanku ya ga layi ya yi tsawo, sai ya faɗaɗa wurin tarawar, ya bar na'urar ta riƙa cewa ta ajiye alhali abin yana kanta. Wuta ta ɗauke, komai ya tafi. Ko yarinyar da aka aika rumbu ta san hatsin da ke kanta bai shiga rumbu ba tukuna.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Katunan ranar an zubar da su, wai tunda na'ura ta amsa. Kun gaskata ƙarfe, kun ƙaryata tsohuwa mai tabon allurarku a dantse.

Na huɗu. Idanunta suna mutuwa, likita ya ce da wuya su kai baɗi. Ita kuwa so take ta ga Ka'aba da idonta. Kamar yadda aka saba, ta riga ta bi gida gida daga Yerimaram har Dogo Nini tana sallama da neman gafara, ta yafe wa kowa, har waɗanda ta yi shekaru ba ta gaishe su ba. Yara sun fara ce mata Hajiya. Yanzu ko ƙofar gida ba ta leƙawa don kunya, ni kuma ba na iya haɗa ido da ita.

Roƙona shi ne a mayar da sunanta da na sauran kafin jirgin ƙarshe, a hana na'urar cewa ta ajiye sai ta rubuta, kuma a daina zubar da kati kafin a duba faifai.

Akwai kuma roƙon ita kanta. Ta ce a faɗa mata sunan wanda ya taɓa na'urar. Ba ƙara za ta kai ba. Shi kaɗai ya rage ba ta yafe wa ba, kuma tana tsoron ta mutu da shi a zuciya.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kai taka mahaifiyar inda take buri da ranta da idonta.

Wassalam.

Bukar Modu,
Yerimaram, Potiskum.