Kantar Ƙusa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙafar nan taka, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Na ɗauko biro ne don waya da kai wahala ce. Sai in yi ta ɗaga murya har maƙwabta su san sirrina, kai kuwa ba ka ji komai ba. Wannan maganar kuma ba ta maƙwabta ba ce.

Ina rufe wata kujerar kushin ne na tauna ƙusa, mataunina ya tsage. Mai ɗakina ta tisa ni gaba sai wajen likitar haƙori. Likitar ta gyara haƙorin, har na yunƙura zan tashi, sai ta ce in ɗaga harshe. Ta ga farin tabon nan na gefe. Na yi dariya, na ce mata kantar sana'a ce. Na bayyana mata yadda muke watsa ƙananan ƙusoshi a baki, harshe ya juyo su ɗaya ɗaya ya miƙa wa guduma, hannu kuma yana jan yadi. Na ce duk mai wannan aiki yana da irin ta, kuma kai da ka koya mini kake cewa wanda ba shi da ita ɗan koyo ne. Ita dai ba ta yi dariya ba.

Ta kashe fitilar ɗakin, ta sa mini baƙin tabarau, ta haska bakina da wata 'yar tocila mai shuɗin haske, ta ɗauki hoto ta nuna mini. Ko'ina ya yi kore shar, ban da wurin kantar. Shi ya yi baƙi, kamar inda sigari ya ƙona yadi. Ta ce hasken ba ya yanke hukunci, nuna inda za a duba kawai yake yi. Sai ta goga wani ɗan buroshi a wurin har ya ɗan yi jini, ta jefa kansa a kwalba, za a kai ɗakin gwaji a duba ƙwayoyin da ya kankaro. Ta tambaye ni batun taba. Mai ɗakina na zaune, ba damar ƙarya.

Yaya, tsoro nake ji. Kuma ba don kaina kaɗai ba, don kantarka ta girmi tawa nesa ba kusa ba. Ka je a haska.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso, na kuma karanta ta har na gaji.

Bari in fara da nawa. Ƙwayoyin da buroshi ya ɗebo sun nuna sauyi, sai aka tura ni wajen wani likitan, ya yanki ɗan mitsitsi don a tabbatar. Ciwon daji ne, Yaya, amma yanzu ya fara, bai shiga ciki ba. An yi mini tiyata, an cire abin da bai fi maɓallin riga ba. Sun ce da alama ba sai an ƙara komai ba, sai dai zuwa dubawa a kai a kai. Maganata ta ɗan karkace, jikoki sun samu abin kwaikwayo, ni kuma na yafe musu. Taba na bar ta. Likitan ya ce bai rantse ƙusa ce ta jawo ba, tabar ya fi zargi. Laifin ƙusa shi ne ta ba mu suna mai daɗi da za mu kira abin, mu ci gaba da aiki.

Yanzu naka. Ka rubuto cewa Baba ma yana da kantar, kuma ya yi ta aiki da ita har tsufa. Raina ya ɓaci da wannan layin, ba zan ɓoye maka ba. Ni ƙarami ne lokacin, amma ina da ido. Na tuna Baba zaune bayan shago, tsumma ɗaure a muƙamuƙi, ana ɗura masa ruwa da cokali. Na tuna ka hana ni matsawa kusa saboda warin. Muka ce ciwon haƙori ne, har aka binne shi muna cewa haka. Ban san tabbas ba, kai ma ba ka sani ba, amma tun da na ga hoton nan ba Baban da nake tunawa sai wancan.

Ka ce aiki ya yi maka yawa. Hasken nan bai kai tsawon shimfiɗa soso a kujera ɗaya ba, kuma ba zafi. Ban taɓa ɗaga maka murya ba sai a waya. Don Allah ka je.

Naka har kullum,
Auta

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Mai ɗakinka ta kira ni. Ta ce ka je, kuma baƙin da hasken ya nuna ya wuce gefen harshe har ƙasan baki. Ta ce gwajin ya tabbatar, kuma ƙullutun wuyanka da kake rufewa da kwalar riga shi ma na ciwon ne. Za a yi tiyata babba, sannan a gasa wurin ciwon da na'ura. Na zauna a kan buhun soso na yi kuka. Da haƙorina ya tsage tun shekarun baya, da yanzu wata maganar muke yi.

Ta kuma ce abin da ya fi damunka ba ciwon ba ne, wai kai ka fara zuba mini ƙusa a baki da hannunka. Ka cire wannan daga ranka. Da ita na ciyar da gida na aurar da yara, kuma ita ta fasa haƙorin da ya kai ni gaban hasken.

Likitoci ba su ce an gama ba, mu ma kada mu ce. Ina tafe a ƙarshen mako, zan zauna har a sallame ka. Kada ka damu da yadda za mu yi hira in magana ta yi maka wuya bayan tiyatar. Takarda na nan, mun ma saba.

Kujerun da ka karɓa ba ka gama ba, ka bar mini su yadda suke. Yanzu a murfin gwangwani nake zuba ƙusa, in tsinta da yatsu. Aikin yana jinkiri, kuma na san in ka gan ni za ka ce na koma ɗan koyo. Ba abin da nake roƙon Allah kamar in ji ka faɗa da bakinka.

Ƙanenka,
Auta